Jan Biro da Murafun Lemo

Shafi na 14

Masu turo min saƙo suna cewa na bar Malama Jan Biro a tsaye a baranda har ƙafarta ta yi tsami, to ku gyara zama. Wanda kuma yau ya shigo cikinmu: Jan Biro ita ce babbar malamar lissafi a makarantar, yara suka laƙaba mata sunan saboda jan biron da ba ya barin hannunta. Ita ta raini ƙanwarta Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita kuma ta nemo mata aikin koyarwa a nan. Zango ɗaya kacal Auta ta yi, yara suka koma kiranta Anti Murfi.

*

Dariyar ce ta tsayar da ita.

Ajin lissafi ne, amma sai ka rantse gidan biki ne. Jan Biro ta gyara riƙon littattafan da ta rungumo, ta raɓa jikin bango, ta leƙa ta tsakanin gilasan taga.

An ture kujeru gefe. Yara sun yi rukuni-rukuni a ƙasa. A tsakiyar aji ga wata yarinya an kifa mata kwali a ka, an huda masa ido biyu, an rubuta NA'URA a goshinsa.

Ko ba ta ga fuska ba ta san takalman. Ita ta saye su. 'Yarta ce, wadda ta ci sunan marigayiya, shi ya sa ita da Auta duk Mamana suke ce mata.

"To, Na'ura," in ji Auta, tana karkaɗa wani kwano cike da murafun kwalaben lemo. "Kowane murfi yaro ne mai son shiga ƙungiyar ƙwallo. Shuɗi gidansu na kusa da fili. Rawaya daga nesa suke zuwa. Wannan kwanon su ne waɗanda tsohon koci ya ɗauka a baya. Shi kuwa duk wanda ya riga zuwa shi yake ɗauka. Duba ki gaya mana me kika koya."

Mamana ta zube kwanon a tebur, ta ƙirga da yatsa, ta maƙale murya kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi.

"Shu-ɗi ta-ra. Ra-wa-ya ɗa-ya. Na ga-ne. Shu-ɗi shi ne gwa-ni."

Aji ya kwashe da dariya.

Auta ta juye sababbin murafu ashirin, goma shuɗi goma rawaya. "Ga masu nema na bana. Goma muke so."

Na'ura ta ja shuɗi tara, ta ɗauki rawaya ɗaya da yatsu biyu kamar mai ƙyanƙyami.

"Lissafi!" Auta ta tafa hannu. "Cikin shuɗi goma an ɗauki nawa? Kashi nawa ke nan cikin ɗari?"

"Casa'in!"

"Rawaya fa?"

"Goma!"

"To ku kife murafun, ku ga makin iya ƙwallo da na manna a cikinsu."

Suka yi rububi. Sai ihu ya tashi. Maki mafi yawa a cikin wani rawaya yake, cikin waɗanda aka bari a gefe.

"Na'ura ta yi ƙarya?"

"A'a!"

"Ta tsani rawaya?"

"A'a!"

"To me ya faru?"

Wata doguwar yarinya da ke zaune can baya, wadda Jan Biro ba ta taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga hannu a hankali.

"Abin da aka nuna mata ta kwaikwaya, Anti. Wanda ya nuna mata ne bai yi adalci ba."

"Doguwa, ki sake faɗa da ƙarfi, na bayan bango ma su ji."

Jan Biro ta yi saurin janye kanta daga tagar. Amma Auta ba ta gan ta ba. Ta ci gaba da bayani, wai haka na'urori ke zaɓa wa mutane abubuwa yanzu: wa za a kira neman aiki, wa za a ba gurbin karatu, wane hoto zai fara fito maka a waya. Wai masu kwamfuta algoridim suke ce masa, amma ba wani abin tsoro ba ne, jerin ƙa'ida ne kawai, kuma mutum ne ya rubuta. Ta raba wa kowane rukuni ɗan ludo, ta ce su jefa su gwada, ko sa'a zalla ma ta fi wannan ƙa'idar adalci.

Jan Biro ta taɓe baki. Shekarunta nawa tana cin alli a makarantar nan, ba ta taɓa jin aji ya amsa mata da irin wannan murya ba. In ta shiga, shiru ake yi. Da tana ɗaukan shirun a matsayin girma.

Har ta juya za ta wuce, sai ta ji muryar 'yarta, wannan karon ba ta na'ura ba.

"Anti, ai irin na gasar lissafi ne."

Mamana ta cire kwalin, gumi ya jiƙa mata goshi.

"Wanda duk ya zo darasin sassafe ana ƙara masa maki. Su Doguwa kuma motar makaranta ba ta kawo su sai an kaɗa ƙararrawa. Doguwa ta fi ni ci a jarrabawa, amma ni ake ɗauka. Ke nan mu ne shuɗi?"



Kowa ya san wa ya kafa darasin sassafe. Kowa ya san wa ya rubuta wannan ƙa'ida, kuma da ita aka ciyo kofin da ke ofishin Shugaba.

"Mamana," Auta ta ce da sauri, "wannan ba maganar aji ba ce. Mu koma kan..."

"A'a, bar ta ta ƙarasa."

Sai lokacin Jan Biro ta lura da ita. Shugabar makaranta ce zaune a kujerar yara can lungu, jakarta a cinya, fuskarta fal murmushi. Matar da ba ta taɓa zama a ajin Jan Biro ba sai ranar duba aiki.

Shugaba ta fara tafi. Yara suka kama.

Jan Biro ta juya baya. Ba ta san sanda ta bar wurin ba.

*

A ɗakin ajiyar kayan koyarwa ta ritsa ta bayan an tashi. Auta na durƙushe gaban roba, tana ware murafu kala-kala cikin gwangwanaye.

"Yaya, sannu da aiki."

"Tura ƙofar."

Auta ta miƙe ta tura, tana goge hannu a jikin siket.

"Ke kika kitsa mata."

"Wa?"

"Kada ki raina min hankali. Ina tsaye a taga."

Auta ta yi tsuru-tsuru. "Wallahi Yaya ban san za ta faɗa ba. Kin ji ai na yi ƙoƙarin kashe maganar."

"A gaban Shugaba! 'Yar da na haifa ita za ta tashi ta tsinka ni a gaban yara, ana tafa mata!"

"Tambaya ta yi. Kin san halin Mamana da..."

"Mamanki? Ke kika yi naƙudarta?"

Auta ta kau da kai. Idonta ya ciko.

Jan Biro ta ji ɗacin maganar a harshenta, amma bakin ya riga ya buɗe, ya ƙi rufuwa.

"Wannan shirmen da kike taƙama da shi, wa ya fara nuna miki? Ba ni ce nake zaunar da ke a tsakar gida ina koya miki ƙirga da murafun lemo ba, kina majina har baki? Yau kin ɗauko shi kin sa masa kwali, kin zama gwana."

"Na faɗa wa Shugaba haka. Na ce a wurinki na koya."

"Na gode. Allah ya saka da alheri. An tuna da tsohuwa."

"Yaya, ni fa ban ce ƙa'idarki mugunta ce ba. Sanda kika kafa ta babu motar makaranta, duk yaran na kusa ne. Yanzu abin ya canza. Gyara kawai take so. Mu zauna ni da ke..."

"Ni da ke."

"E."

"Wa ya sa ki a maganar gasa da za mu zauna ni da ke?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki murfi ɗaya tana juya shi a hannu.

"Ina tambayarki."

"Shugaba ta ce... bana ni zan fitar da 'yan gasa."

Jan Biro ta dafa kantar katako da ke bayanta.

"Sai me kuma? Ƙarasa. Na ga bakinki bai gama ba."

"Ta ce ranar Asabar zan nuna wa malamai yadda ake darasin. Duka malamai."

"Har ni."

"Yaya..."

"Zan zauna a ƙasa, ki kifa min kwali a ka."

"Ni ban roƙa ba, wallahi. Sau biyu ina ce mata ta fara yi miki magana."

"Sau biyu. Ashe abin ya kwana biyu. Tun yaushe kika sani?"

"Tun makon jiya."

Jan Biro ta yi wata dariya marar daɗi.

"Tun makon jiya. Muna cin abinci kwano ɗaya, muna shiga mota ɗaya, kina ce min Yaya ina kwana, Yaya sannu da gida. Ashe kujerata kike aunawa da ido."

"Tsoro na ji. Na san haka za ki ɗauka."

"To kin canka."

Ta fizgi ƙofar. Gefen mayafinta ya ja wani gwangwani, murafu suka watse a ƙasa suna ta gangarawa ƙarƙashin kantoci. Ba ta waiwaya ba.

*

A gida Auta ba ta fito cin abincin yamma ba. Ta ce kanta ke ciwo.

Jan Biro ta zuba wa kowa, ta zauna tana juya cokali a faranti. Mamana kuwa baki ya ƙi tsayawa.

"Umma, kin san da ɗan ludo ma rawaya sun fi samun shiga? Rukuninmu mun jefa sau da yawa. Amma Anti ta ce shi ma ba adalci ba ne, don bai san gwani ba. Gobe kowane rukuni zai rubuta tasa ƙa'idar, sai mu gwada ta kowa mu ga wa ta bari a baya. Anti ta ce kullum tambayar ke nan, wa aka bari a baya."

"Ci abincinki."

"Umma, ba ki ji haushin abin da na faɗa ba ko? Ni ba da ke nake ba. Da ƙa'idar nake."

"Na ce ki ci abinci."

Sallamar maigidan ce ta katse su. Ya shigo da jakar kayan gyaran wutarsa a kafaɗa, yana tafe aljihunsa na kacau-kacau kamar akuya mai ƙararrawa.

"Ina Anti Murfi? A zo a karɓi gudummawa." Ya zazzage aljihu a tebur, murafu suka zubo. "Yau a gidan da na yi aiki har bola na leƙa. Matar gidan ta ɗauka taɓuwa gare ni, ta ƙara min ruwan sanyi."

Mamana ta daka tsalle. "Abba, har da kore! Anti ta daɗe tana neman kore!"

Jan Biro ta bi murafun da kallo, ta bi mijinta da kallo.

"Kai ma?"

"Ni ma me?"

"Ba komai."

"A'a, Malama, wannan ba-komai ɗin da nauyi take. In kina so ke ma gobe in tsinto miki jan biro."

Ba ta yi dariya ba. Mamana ta tattara murafun a gefen rigarta, ta ɗauki farantinta.

"Ina za ki da abinci?"

"Wurin Anti. Ba ta son ci ita kaɗai." Ta kai bakin ƙofa ta juyo, fuskarta a washe. "Umma, in na girma irin Anti zan zama."

Da ta yi shiru a nan da da sauƙi.

"Malamar lissafi, amma wadda ake ganewa."

Ta wuce abinta. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona ran Jan Biro ke nan. Ta zauna tana jin dariyarsu ta bango, ta 'yarta da ta ƙanwarta, har abincin gabanta ya huce.

*

Washegari da sassafe tana tsaye a bakin get tana jiran 'yan darasinta, motar mai kantin magani ta tsaya. Shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, mutum mai son a san da zamansa. Ɗansa bai taɓa fashin darasin sassafe ba, kuma bai taɓa rasa shiga gasa ba.

Ya sauke gilashi.

"Malama, barka da asuba. Wata magana yaron nan ya zo min da ita. Wai an soke makin sassafe? Wai wata sabuwa ce za ta zaɓi 'yan gasa?"

"Haka na ji, Alhaji."

"Haka kika ji? Ke da aikinki?"

"Ai yanzu an ci gaba. Mu mun zama tsohon yayi."

"To ita da me za ta zaɓa?"

Nan ne ya kamata ta ce ya je ya tambayi Shugaba. Ta san haka. Har ta buɗe baki da niyyar faɗin hakan. Sai ta hango su daga nesa, Auta da Mamana, sun riƙo buhun murafu kowa da kunne ɗaya, suna tafe suna dariya.

"Wa ya sani," ta ji bakinta na faɗa. "Wataƙila da ɗan ludo."

"Ɗan me?"

"Ka tambayi ɗanka abin da suke yi a aji. A zube a ƙasa, a jefa ɗan ludo, a ja murfi, wanda ya ci ya yi ihu. Ni dai a saninmu wannan ba lissafi ake ce masa ba."

Alhaji ya cire tabarau.

"Caca? Caca ake koya wa 'ya'yanmu?"

"Ni ban ce ba."

"Ai kin gama cewa."

"Alhaji, don Allah kada sunana ya fito. Ƙanwata ce."

"Haba Malama. Kamar a rijiya."

Ya ja mota da ƙarfi. Ta tsaya tana kallon bayanta. Wani sanyi ya ratsa ta, irin na wanda ya sosa inda ke masa ƙaiƙayi. Amma kafin ta kai aji sanyin ya gushe. Ranar sau uku tana kuskure a allo, ba yaron da ya yi ƙarfin halin gyara mata.

*

Bayan an dawo daga hutun tara aka aiko kiranta. Wai Shugaba na neman manyan malamai a ajin Anti Murfi, yanzu-yanzu.

Tun daga baranda take jin muryar Alhaji.

Ya zo da wasu iyaye biyu. Yara sun takure a jikin bango, takardun ƙa'idojin da suka rubuta na warwatse a ƙasa. Mamana na tsaye da kwalin a hannu. Auta kuwa na gaban allo, alli ya ɓata mata yatsu.

Alhaji ya ɗaga ɗan ludo sama, yana nuna wa kowa.

"Wannan mene ne? Ku faɗa min! Makaranta muka kawo su ko tasha?"

"Alhaji, ka bari in yi bayani," in ji Auta. "Darasin yiwuwa ne, yana cikin manhaja. Muna gwada zaɓen sa'a da zaɓen ƙa'ida ne, don yara su ga..."

"Sa'a! Kun ji da bakinta!"

"Ba abin da ake sawa, ba abin da ake ci. Murafu ne kawai."

"Yau murfi, gobe me? Haka ake farawa!"

Doguwa ta ɗaga hannu daga baya. "Baba, wallahi ba caca ba ce, koya mana ake yadda..."

"Ke, da ubanki nake magana?"

Hannun ya sauka.

Shugaba ta gyara tsayuwa. Murmushin jiya babu shi.

"Alhaji, ni da kaina na zauna a darasin nan. Ban ga abin da kake faɗa ba."

"Rana ɗaya kika zauna, Hajiya. An san kina nan, an gyara. Ni wanda ya san ciki da wajen abin ne ya faɗa min. Ko dai a dakatar da yarinyar nan yau, ko in tara iyaye mu kai maganar sama. Kin san in kalmar caca ta fita get ɗin nan, ba mai mayar da ita."

Kowa a ɗakin ya san gaskiya ya faɗa a wannan. Malamar da aka kora da irin wannan suna, ba makarantar da za ta sake buɗe mata ƙofa.

Jan Biro ta lafe a bayan malamin kimiyya. Ita so ta yi a karɓe gasar kawai. Ba ta ce a kori kowa ba. Ta yi ta maimaita wa kanta haka.

Auta ta share ido da bayan hannu, alli ya shafe mata kunci. Ta dubi malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kau da kai. Sai idonta ya faɗa kan yayarta. Fuskarta ta saki, kamar yaron da ya ɓata a kasuwa ya hango uwarsa.

"Ga Yaya nan! Alhamdu lillahi. Hajiya, ku tambaye ta. Duk makarantar nan ba wanda ya kai ta sanin lissafi, ba kuma wanda ya kai ta sanina. Ita ta raine ni. Ita ta fara koya min da murafun nan. Jiya ma tana taga, ta ga darasin daga farko har ƙarshe."

Ta tako har gabanta, ta kama hannunta da hannu biyu.

"Na san kina fushi da ni. Ki yi haƙuri. Amma ke ba kya ƙarya, Yaya. Faɗa musu abin da kika gani."

Mamana ma ta matso. "E, Umma, faɗa musu."

Jan Biro ta buɗe baki.

Sai Alhaji ya fashe da dariya, har yana dafa tebur.

"Ita? Ita ce shaidar taki?"

Auta ta juya ta dube shi, ta sake juyowa ta dubi yayarta. Riƙon da ta yi wa hannun ya fara sassautawa.

"Yaya... me yake nufi?"

Alhaji ya ajiye ɗan ludon a kan tebur, ya naɗe hannu a ƙirji.

"To, Malama Jan Biro. Ke za ki faɗa musu, ko ni in faɗa?"